Doyar Makka da Jan Ganye

Iya ta rasu da azumin bana. Duk wanda ya zo mini gaisuwa sai ya ce, "Allah sarki, tsohuwa mai tatsuniya." Nakan ce Allah ya ba da lada. Amma tatsuniyarta da ta fi zama a raina ba mai daɗi ba ce, kuma ba mu aka yi wa ita ba.

Iya kakata ce ta wajen uba. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, a ƙauyenmu kusa da Bici, inda gona ke manne da gona har mutum ya yi atishawa a tasa a amsa masa daga ta maƙwabci. A bayan gidanmu akwai ɗan fili da rijiya. Tun rasuwar kakanmu aka bar mata shi. Kowa ya san rabonsa a ciki, amma a garinmu ba a auna wa uwa ƙasa tana raye.

A nan take shuka doyar Makka. Mu muka sa mata wannan suna, don a wajen aikin hajji wata mata 'yar Indunusiya ta ba Iya irin, ƙulle a bakin mayafi. Sai da na girma na ji ana ce mata jikama. Tana yaɗo kamar wake, tana hawa kara, amma abin cin yana ƙasa: fari fat, a ɓare a ci ɗanye, ruwa-ruwa da ɗan zaƙi. Ba ta da wahala. A yi mata kunya a ƙasa mai yashi da farkon damina, a kafa mata kara, idan ta fara fure a bi a tsinke furen duka don ƙarfin ya koma ƙasa. Tushe ɗaya kawai Iya ke bari ya yi fure ya yi kwanso, shi ne irin baɗi. Wannan tushen takan kewaye shi da ƙaya, kowa yana zaton saboda awaki ne.

Baffa Sale, ƙanen mahaifina, yana aikin ban ruwan furanni a gidan wani mai hali a Rijiyar Zaki. Wata damina, bayan shukar Iya ta kama kara, ya dawo da damin wata shuka mai dogayen ganye ja. Ya ce sunanta kodilin. Ya ja igiya, ya dasa ta a jere, ya raba filin biyu. Tushen iri, da ke gindin wani zogale, ya faɗa ɓangarensa, ya kwashe ƙayar ya zubar.

Iya ta fito da butarta ta tsaya.

"Sale, mene ne wannan?"

"Ado ne, Iya."

"Ado da igiya?"

"Kowa ya san nasa, Iya. Ba faɗa ba ne."

"Tunda fartanya na hannunka, ka haƙa mini kabarin ma mana, ka huta gaba ɗaya."

Bai ɗago ba. Ta ce ƙafarta ba za ta tsallake jan ganyen nan ba sai dai a ɗauke ta, kuma daga ranar bakinta da kunnensa sun rabu.

Haka muka cinye daminar. Idan ya zo gida ya ce, "Ina kwana, Iya," sai ta juya ta yi wa kaza magana. Matarsa ta aiko da tuwo, a mayar. Shi ma ya hana 'ya'yansa biyu zuwa hirar yamma, sai dai su zauna a bayan zanar da ta raba sashenmu da nasu, muna jin motsinsu. Da ruwa ya ɗauke, jan ganyen ya fara nuna halinsa. Rana ta ƙone masa baki, Baffa ya yi masa rumfar buhu, ya bar wa matarsa aikin ba shi ruwa safe da yamma.

"Kulu," Iya za ta ce da ni, da ƙarfi, "leƙa ki gani ko an yi wa sarauniya shimfiɗa. Tawa ko sannu ba ta nema, ita ke ciyar da ni. Tasu an yi mata ɗaki, ko akuya ba ta ƙosar."

Amma idonta kullum yana kan tushen iri. Kwanson ya fito, kore shar, bai nuna ba. Jira take ya bushe ta aike ni in tsinko mata. In aka cire shi ɗanye ba ya tsira, kuma ta riga ta tsinke furen sauran.

Wata la'asar muna ɗiban ruwa, ta hango Audu, ƙaramin ɗan Baffa, ya tsinki kwanso zai kai baki. Ta daka masa tsawar da ban taɓa ji a bakinta ba. Ya yar, ya ruga yana kuka. Muka jiyo uwarsa tana cewa, "Rowa har a kan abin da ke filin wani!" Na ce wa Iya in je in yi musu bayani ne? Ta ce ba ta aike gidan da aka yi mata iyaka.

Ranar Baffa yana gari. Bayan magariba aka sauke tuwo, wuta ta koma garwashi, yaran maƙwabta suka taru kamar kullum. Iya ta ja tabarmarta daga gindin murhu har jikin zana. Ba ta jira mun amsa mata yadda aka saba ba.

"Ta yau ba taku ba ce," in ji ta, "amma ku zauna."

Ta ce wata tsohuwa ce ta yi baƙi biyu da damina. Jan Ganye ya zo da babbar riga, ya ce a ba shi inuwa, a ba shi ruwa safe da yamma. Yaɗo kuwa ta ce a ba ta kara ɗaya ta jingina. Tsohuwar tana da ɗa, ƙato, mai gaggawa. Ya ga rigar Jan Ganye ya ce wannan shi ne baƙo. Da yunwa ta shigo gari, ya je wurinsa ya ce, me ka ajiye mini?

Iya ta miƙe wuya, ta shaƙe murya. "Kalle ni."

"Na kalla, ban ƙoshi ba."

"Ƙara kallo."

Muka fashe da dariya. A bayan zana ma aka yi dariya, sai muka ji an ce, "Kai, shiru!"

Ƙaton ya koma wurin Yaɗo, ya ga kwanso a rataye, ya kai hannu. Yaɗo ta ce, abincina yana ƙasa, sai mai iya durƙusawa. Na sama ba na ci ba ne. Shi kuwa gwiwarsa ba ta san durƙuso ba, ko a gaban uwarsa. Ya tsinke ya kai wa 'ya'yansa.

A nan muryar Iya ta canja. Ta daina muryar tatsuniya, ta koma irin wadda take aikena kasuwa da ita. Ta fuskanci zana.

"Ganyen guba ne. Kwanson guba ne. Ƙwayar ta fi su duka. Kore ne, kamar wake, yana gindin zogalen nan. Babba ma bai tsira ba, balle yaro."

Wata yarinya ta ce, "Iya, to sai me ya faru?"

"Aka yi wankan gawa biyu a gidan."

Can muka ji muryar Baffa daga bayan zana.

"Iya, in da magana a faɗa mini mana."

Ta tashi ta je ta tura itace cikin garwashi. "Kulu, kin ji iska? Ku tashi, ta ƙare."

Da safe hayaƙi ya tashe mu. Baffa ya tuge tushen iri, ya haɗa da kwanson da karan ya cinna musu wuta, yana faɗa yadda duk unguwa za ta ji: shekara da shekaru ana kiwon guba a gidan yara, ba a faɗa wa kowa ba. Iya ta tsaya daga namu ɓangaren, yatsun ƙafarta dab da jan ganyen. Na ce, "Iya, irin!" Ta ce, "Tun jiya na sani. Ni na haife shi."

Da muka tone doyar shekarar, ta binne ɗaya a yashi ko za ta kai baɗi. Gara ta cinye ta kafin bazara. Ba mu sake ganin doyar Makka ba.

Daga baya sun koma gaisawa, gaisuwa kawai. Jan ganyen bai taɓa sabawa da ranarmu ba, rabinsa ya mutu, Baffa yana kawo wani yana cike gurbin. Iya ba ta tsallake ba. Hanyar makabarta ta bayan gida take, don haka ranar da ta rasu ina tsaye a bakin rijiya na ga makararta ta wuce ta saman jan ganyen, Baffa a gaba.

Ina yarinya na ɗauka zagi ne Iya ta yi a daren nan, kuma zagin ne, ba ta rage masa komai ba. Sai da na haifi nawa na gane sauran. Da ta yi shiru na ɗan lokaci, kwanson zai bushe, irinta ya dawo hannunta. Ta san ɗanta, ta san abin da zai yi da safe, ta kuma faɗi inda abin yake har da gindin zogale.

Audu ne ya riƙe ɗaya gefen makarar. Yanzu magidanci ne, da 'yarsa. Ranar sadakar uku ya zauna kusa da ni ya ce, "Yaya Kulu, wai ita doyar Makkan nan da ake faɗa, yaya ɗanɗanonta yake? Ni ban tuna ba."

Na dube shi, da gemunsa da komai. Na ce masa ruwa-ruwa ce, da ɗan zaƙi.