Ranar da Fan Ya Yi Kuskure

A wani ƙaramin kamfani a Hsinchu, inda ake ƙera allunan lantarki da ke sarrafa injinan kaɗa ruwa a tafkunan kifi, akwai wani dattijo, Fan Kuo-tung. Shekara ashirin da biyu aikinsa ɗaya ne. Idan an gama rubuta zuciyar manhaja, shi ke matse ta, ya ɗaure ta ƙunshi guda, ya manna mata ɗan bayani a goshi: ga girmanta, ga lambar tantancewa, ga adireshin da za a sauke ta a ƙwaƙwalwar allo. Ɗan shirin kwamfutar da ke tayar da na'ura bayanin nan kawai yake karantawa, kuma ba ya tambaya. Inda aka ce ya sauke, nan zai sauke, ko da rami ne.

Fan bai taɓa kuskure ba, kuma kowa ya sani, don ba ya bari a manta. Adireshin nan da ka yake rubuta shi, yana kallon taga.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai. Kamar kowane ofis a garin, a kan kowace na'ura akwai koren ƙunshin ƙwalam mai ɗanɗanon kwakwa, wai don ta yi ladabi. Dole kore, kuma ba a ci. Fan kuwa cewa yake shirme ne.

Wata Laraba da hantsi aka kunna sabon allo. Allon ya rubuta cewa yana tayar da manhaja, daga nan ya yi gum. Allo dubu uku na jira a masana'anta, ranar Juma'a za a zuba musu ƙunshin Fan.

Maigida Kang, mai kamfanin, ya shigo yana share gumi. Bai ko dubi kwamfuta ba, sai ya ɗaga koren ƙunshin ya duba kwanan wata.

"Ka gani ko! Wata biyu da lalacewa! Li-chuan, maza kanti."

Tsao Li-chuan, wadda teburinta ke kusa da na Fan, ta miƙe tana dariya. "Yaya Fan, in sayo maka naka? Ko kai ma za ka yi ladabi."

"Sayo wa mijinki," in ji shi.

Tana fita ya zauna ya yi lissafi a takarda, sai ya gano matsalar. Manhajar bana ta yi ƙiba. Idan ta warware a tsohon adireshin, sai ta danne ƙunshin da take fitowa daga ciki tun ba ta gama fitowa ba. Laifin nasa ne, shi kaɗai. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ya canza lamba ɗaya, ya sake ɗauri, ya zuba wa allon.

Daidai nan Li-chuan ta dawo. Kang ya ɗora sabon koren ƙunshin ƙwalam a kan na'urar da hannu biyu, ya danna maɓalli. Allo ya tashi garau, ofis ya kaure da tafi.

Da Fan ya yi shiru, shikenan, sunansa ya tsira. Ya kai minti goma yana juya kofin shayinsa. Sannan ya miƙe.

"Maigida, ba ƙwalam ba ne. Ni na yi kuskure. Adireshin ne, yanzu na gyara."

Kang ya dube shi, ya fashe da dariya, ya dafa masa kafaɗa.

"Haba Tsoho Fan! Kai da kuskure? Don dai kada ka yarda da abin nan, har sharri za ka yi wa kanka?"

"Wallahi ni ne! Ga takardar, duba!"

"To, to, mun ji," in ji Li-chuan. "Zauna, shayinka zai huce."

Ya tsaya riƙe da takardar a tsakiyar ofis, kowa ya koma aikinsa. Shekara ashirin da biyu yana neman a yarda ba ya kuskure, kuma ga shi an yarda.