Jami'in da ya rufe ɗakina ya kwana a ciki

"Baba, ina lasisin saukar baƙi?"

Wani jami'i ke nan, ya tsare ni a ƙofar gidana can ƙauyenmu wajen Auyo. Laifina kawai ɗakin da nake ba masu sarin kifi haya na kwana biyu-uku.

Na ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake sauke su."

Ko a jikinsa. Ya manna takarda a ƙofa, wai an rufe ɗakin.

Kafin la'asar kogi ya kawo ruwa ya shafe hanya, mai kwalekwalenmu kuma ya tafi ɗaurin aure Guri.

Jami'in ya rasa hanyar komawa, kwanansa uku a ɗakin nan. Da hannunsa ya ɓare takardar, har da tambayata gidan sauro.

Jama'a, tsakanina da shi, wa ya kamata a kama?