Tafintan da Ya Kira Tsarewa Ajiya

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin, wanda jama'a suka fi sani da Tafinta, a shekarar 1941, a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa marubucin wasiƙu ne a ƙofar kotu, mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce. Ya kammala sakandare a 1961, aka ɗauke shi tafinta a kotu a 1963.

Aure

A 1964 ya auri 'yar aminin mahaifinsa, Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar. Ɗan farinsu namiji ne, wanda saboda alkunya uban bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce “yaron nan”.

Sashen fassara

A 1975 aka mayar da shi sashen fassara na ma'aikatar shari'a, ɗaki mai taga ɗaya da keken rubutu. A nan aka ba shi yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ɗan Adam, ya fassara ta tsaf, sannan ya naɗe kwafinsa ya tokare ƙafar teburinsa mai girgiɗi. Ra'ayinsa, wanda bai taɓa ɓoyewa ba, shi ne ƙasar da ta san haƙƙin maƙwabci da na maraya, har da na jaki, dokarta ta ishe ta, ba sai baƙo ya koya mata ba. Abokan aiki kan tsokane shi cewa ko ba komai yarjejeniyar ta tsayar da tebur.

A 1984 gwamnati ta kafa dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, aka umarce shi ya fassara ta don rediyo da lafazi mai laushi. Ya kwana uku yana neman kalma, daga bisani ya rubuta cewa hukuma na iya “ajiye” wanda take zargi. Hujjarsa ita ce ajiya amana ce, kuma kowa ya san ana mayar da ita ga mai ita. Aka yaba masa ƙwarai.

Kamun ɗansa

A watan Maris na 1989 aka kama ɗan farin nasa, malamin lissafi kuma sakataren ƙungiyar malamai, a gaban ajinsa, da alli a hannunsa. Da Tafinta ya je ofishin tsaro, jami'in da ke kantar karɓar baƙi ya ce masa: “Haba Baba, kwantar da hankalinka. Ajiye shi muka yi. Ba kai ka fassara ba?”

Kotuna uku suka ce dokar ta haramta musu sauraren ƙarar da ya shigar. A 1990, bayan ya yi ritaya, ya koma tsohon ofishinsa ya durƙusa ya zaro yarjejeniyar daga ƙarƙashin tebur, ya kai kuka ga wani kwamitin ƙasa da ƙasa. Amsa ta zo a 1994, tana cewa lallai an tauye haƙƙi. Gwamnati ta ce sha'anin cikin gida ne, magana ta ƙare a nan.

Ƙarshen rayuwa

Bai sake fassara ko layi guda ba. Idan ɗaliban lauya suka tambaye shi wace doka ƙasa take buƙata, yakan ce ta gida ta ɗauke masa yaro, ta waje ta aiko masa da takarda, shi kuwa wadda za ta buɗe ƙofa yake nema. Ya yi nadamar kalmar nan ƙwarai, amma ya hana a yi wa yaron addu'ar mamaci, domin ba a kawo masa gawa ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar 6 ga Yuni, 2009, yana da shekara sittin da takwas, aka yi jana'izarsa bayan azahar a maƙabartar unguwarsu. Ya bar matarsa da jikoki goma sha huɗu da 'ya'ya biyar, bisa lissafin da ya yi wasiyya kada a rage: malamar jinya, da direban jirgin ƙasa, da tela, da autarsu lauya, sai yaron nan, wanda har yanzu yana ajiye.