Waƙar da Na Hana 'Yar Farina

A garinmu uwa ba ta yi wa ɗan farinta waƙar reno. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Kunya ake ce wa wannan, kuma ba wanda yake ganin mugunta a ciki, don gida cike yake da hannuwa. Ga kaka, ga gwaggo, ga matan baffanni, kafin yaro ya buɗe baki an sure shi. Ni ma 'yar fari ce. A bayan kakata na tashi, ban kuma taɓa jin an rage ni da komai ba. Wannan al'ada na ɗauko na kawo Abuja, ban tsaya na lura ba cewa kakar da gwaggon duk a gida na baro su.

Soja ba su daɗe da komawa bariki ba aka ɗauke ni aiki a wata ma'aikatar tarayya. Mijina ma ma'aikaci ne. Lokacin kuɗi sun fara yawo a gari, duk inda ka duba gini ake yi, kowa yana neman wayar hannu. Mu dai abin da ya iso gare mu ɗaki ne da falo a Dutse Alhaji, a gidan haya mai ƙofofi takwas suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida.

Da haihuwa ta zo na tafi gida wanka. Aka sa wa yarinyar sunan uwar mijina, kunyar ta zama biyu ke nan: ga 'yar fari, ga sunan suruka. Kwana arba'in Innata ce take rera mata waƙar gidanmu, wadda aka yi wa kowannenmu. Waƙar wata kurciya ce da ta sauka a kan rumbu tana tambayar ɗan waye yake kuka, sai a amsa mata da sunan yaron har sau uku. In babu sunan, waƙar ba ta tafiya. Ni kuwa ina gefe ina shan kunun kanwa, ina yi kamar ban san da wata jaririya a ɗakin ba, mata suna yaba kawaicina.

Ranar da zan dawo surukata ta ce in an yaye ta a kawo mata ita, kamar yadda aka saba. A mota na ce wa mijina sam, 'yata a Abuja za ta yi makaranta. Har wani daɗi na ji a raina, wai ni wayayya. Na ƙi ba da ita ga masu yi mata waƙa, ni kuma na ƙi yi mata.

Hutun haihuwa ya ƙare, sai maganar wanda zai riƙe ta. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata mata ce 'yar ƙabilar Tibi daga Binuwai, kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata. Mijinta birkila ne, ita kuma doya take soyawa a ƙofar gida. Tagwayenta sun shiga makaranta, bayanta ba kowa. Ita ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Madam, kawo yaro na ajiye. Baya na yana nan banza." Hausarta ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ina idar da sallar asuba nake miƙa mata yarinyar in ruga bakin titi kokawar bas, ba na dawowa sai an yi magariba.

Ranar Asabar nake ganin gidan da idona. Da rana ta take, in an ɗauke wuta, ɗakuna ba sa zaunuwa, sai matan su fito inuwar baranda da 'ya'yansu. Akwai Bayarabiya, ita ba ta san lallashi a zaune ba, rawa take yi da ɗanta tana yi masa kirari kamar wani basarake, har sai ya gaji ya sulale. Akwai 'yar ƙabilar Ibo mai siririyar murya, tana yi tana buga bayan jaririn a hankali, sauran yaran gidan suna yi mata amshi. Wata 'yar Gbagyi da ke kawo mana itace, ita tata ba kalmomi sosai, gunji ne kawai a cikin maƙogwaro. Ni kaɗai ce shiru. In ɗora yarinyar a ƙafa in yi ta jijjiga, fuskata a wani wajen, abin da ke fita bakina bai wuce "ke, ya isa" ba.

Wata rana Maman 'Yan Biyu ta kasa haƙuri. Ta ce, "Madam, ku Hausa ba ku da waƙa na yaro ne?"

Na ce, "Muna da ita mana."

"To yi masa."

"Ba a yi wa na fari."

Ta ajiye matsamin doyarta ta dube ni. "Wa ya hana? Mutane na garinku suna nan ne? Nan Abuja ne fa, ba wanda ya san ka."

Matan suka kwashe da dariya. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina me waɗannan suka sani game da kunya. Na ɗauki 'yata na shige ɗaki cikin zafin nan.

Sau ɗaya na gwada. An yi mata allurar rigakafi, jikinta ya yi zafi, tun hantsi take kuka. Mijina ya fita. Na tura ƙofa, na saki labule, na rungume ta na fara a hankali. Kurciya ta sauka a kan rumbu, ta yi tambayarta. Na zo daidai wurin suna sai na ji takun wani zai je famfo, na haɗiye sauran. Har yau ina tambayar kaina kunyar wa na ji. Mai ɗibar ruwan ko Hausa ba ya ji. Yarinya ta ci gaba da tsala ihu, na buɗe ƙofa na kai ta ɗakin da ke kallon namu. Maman 'Yan Biyu ta kwantar da ita a ƙirji, ta ja wata waƙa da yarensu, mai hawa da sauka kamar ana tankaɗe. Ba ta maimaita sau uku ba yarinyar ta yi barci. Na ce na gode, amma abin da ke cikina ba godiya ba ne.

Yarinyar tana da shekara biyu da rabi sai ƙanwar mijina ta zo mana kwana biyu daga gida. Ta ga yarinyar ta goya robar ruwa da ɗankwalina, tana zagaya falo tana rera waƙar nan ta Maman 'Yan Biyu tiryan-tiryan. Ta riƙe baki ta ce, "Yaya, waƙar coci fa 'yarku take yi." Ban yi musu ba. Na ma ji daɗi da aka ba ni abin riƙewa. Na fita na sami matar a gaban kaskonta, na tambaye ta me take koya wa 'yar mutane.

Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta ce, "Madam, ba coci a ciki. Waƙa ne na mata in sun tafi gona. Yana cewa, yi shiru, mama naka ya tafi gona, rana ya kusa faɗi, yana kan hanya yana zuwa. Ni na cire gona na sa ofis, saboda kai."

Na san gaskiya ta faɗa. Tun kafin in fito ma na san ba coci ba ce. Kishi ne kawai, kishin matar da 'yata take miƙa wa hannu in ta ji ciwo alhali ina tsaye. Duk da haka Litinin na zagayowa na kai yarinyar gidan renon yara, inda ake jera su a katifa a kunna musu talabijin. Sati biyu tana kuka in mun wuce ƙofar nan da asuba. Bayan 'yan watanni muka sami gida a Kubwa muka tashi. Sallamar da na yi wa matar a tsaye na yi ta, mota tana jira.

A Kubwa na haifi na biyu, namiji. Shi ba kunya a tsakaninmu, sai bakina ya buɗe kamar an cire toshiya. Safe da rana kurciya tana kan rumbu, ina kiran sunansa har maƙwabta suna ji. Wata ranar Lahadi ina cikin yi masa, na ɗaga kai na ga yayarsa a bakin ƙofa, lokacin shekararta biyar. Ta jira na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Mama, ni wace waƙa kika yi min?"

Na ce, "Ke, je ki kwaso min shanya, hadari ya taso."

Ta tafi ta kwaso. Ba ta sake tambaya ba, ko da aka haifi na uku da ta huɗu tana ji ana yi musu. Ta tashi yarinya mai ladabi, mai ƙoƙari a makaranta, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Sai dai in abu ya dame ta, babanta take nema, ko ta rufe ɗaki. Na yi mata duk abin da ake yi wa 'ya, kuma na daɗe ina gaya wa kaina wannan ya isa.

Bara ta haihu, ta zo gidana wanka. Ita ba ruwanta da kunyar ɗan fari, sunansa take kira gatsau, tana sumbatarsa a gaban kowa. Ni ma yanzu al'ada ta sake ni. Kaka ce ni, waƙa aikina ne. Ranar da ya kwana goma, bayan wankan la'asar ya ƙi yin shiru, na karɓe shi na gyara murya na fara. Kurciya ba ta gama tambayarta ba uwarsa ta miƙo hannu.

"Mama, kawo shi."

Na ce, "Bari in ƙarasa mana, waƙar gidanmu ce."

Ta ce, "Ta su ƙannena ce. Ni ma ina da tawa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta kwantar da shi a ƙirji, ta ja waƙar nan mai hawa da sauka, kalmomin duk sun lauye a bakinta bayan shekara ashirin da wani abu, amma muryar tana nan yadda take. Na zauna a bakin gado hannuna ba komai. Gidan Dutse Alhaji an daɗe da mayar da shi shaguna, matar kuma ban san inda take ba, ko tana raye. Yaron ya yi barci.

Ta ce, a hankali don kada ya farka, "Ban ma san abin da waƙar take cewa ba."

Na ce, "Ni na sani. Cewa take, yi shiru, mamanki ta tafi ofis, tana kan hanya tana zuwa."

Ta shafa kan ɗanta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Lallai ta daɗe a hanya."