Verna Mai Gireda ta Tsaunin Kessel

A ƙauyen Tingler, can cikin tsaunukan West Virginia, idan aka ji rugugin inji yana hawa dutse da sassafe, ba a tambayar wane ne. Verna Mullenax ce a kan giredarta, babban injin gyaran hanya. Shekara ashirin da shida ta yi tana gyaran hanyoyin tsakuwa na gandun dajin gwamnati, kuma duk wanda ya taɓa kafa tanti a kan Tsaunin Kessel a kan aikinta ya bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba ta taso da niyyar wannan aiki ba. Mahaifinta mai saran itace ne, yana cikin na ƙarshe da suka ja gungume da dawakai a yankin. 'Ya'yansa huɗu duk mata ne, Verna ce babba, saboda haka ita ta san daji tare da shi. Ta san inda ruwa ke ɓulɓulowa, ta san inda ƙasa ke zamewa, ta san tsofaffin hanyoyin dawakai da ciyawa ta rufe. Tana da shekara goma sha tara ta auri Harlan Mullenax, wani dogo mai yawan dariya, direban gireda a wurin Mista Teter, ɗan kwangilar da ke kula da hanyoyin gandun. Suka haifi 'ya ɗaya, Twila. Verna tana gida tana noman wake da masara a bayan ɗaki, kowace kaka kuma ta dafa tuffa a babbar tukunyar tagulla kamar sauran matan ƙauye.

Harlan bai cika arba'in da biyar ba hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kofi ne ke zubar masa a riga, ana ta zolayarsa. Daga baya likita ya ce ciwo ne da ba ya warkewa, gaba zai yi ta yi. Gireda kuwa aikin hannu ce. Sanduna ne jere a gaban direba, kowace da abin da take juyawa, kuma kuskure kaɗan sai wuƙar da ke ƙarƙashin injin ta kwashe rabin hanya. Verna ta fara bin sa wurin aiki, wai don ta kai masa abinci da zafinsa. Tana tsaye a gefensa yana nuna mata, yau ta kama sanda ɗaya, gobe biyu. Kafin lokacin zafi ya wuce, ita ke zaune a kujera, shi ke tsaye.

Ranar nan Mista Teter ya biyo ta gidansu, ya ce da Harlan shekara ashirin yana ba shi aiki, bai taɓa ganin ya fitar da hanya sumul kamar ta bana ba. Verna tana kicin tana ji. Harlan ya ɗora hannunsa mai rawa a kan tebur, inda baƙon zai gani.

"Ba ni na yi ba, Mista Teter. Ga mai aikin can tana wanke kwanuka."

Teter ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce shi dai bai taɓa ganin mace a kan gireda ba. Verna ta fito tana goge hannu, ta ce ai wata uku ke nan yana wuce ta a hanya yana ɗaga mata hannu. Dariya ta ƙwace masa. Ran Litinin ya kawo takardu ta sa hannu.

Mazan da ke taruwa a gidan mai sun samu abin yi. Dorsey, ƙanin Harlan, ya fi kowa baki. Ya tambaye ta ko in ta gama shafe hanya za ta saka mata labule. Ta ce masa ranar da ya daina kafewa a taɓo tana zuwa jan sa, ranar za ta samu lokacin ɗinki. Bai sake tayar da zancen ba, don sau biyu ke nan a shekarar tana janyo a-kori-kurarsa da sarƙa.

Verna tana cewa maƙiyin hanya ɗaya ne, ruwa. Tsakiyar hanya dole ta ɗan tashi kamar gadon bayan saniya, yadda ruwa zai gangara hagu da dama ya faɗa lambatu. Shi ya sa kaka ce lokacin da ta fi wahala. A watan Oktoba ganyen tsaunin gaba ɗaya yakan juye ja da rawaya, mutanen birni su yi ta kwararowa da tantuna da sandunan tafiya da manyan takalma, suna ɗaukar hoto a kowace kwana. Ita in ta dubi ganyen nan aiki take gani, domin duk zai zubo ya toshe mata kwalbatoci. Akwai kwalbati ɗari da goma sha huɗu daga gindin tsaunin zuwa sansanin masu kafa tanti da ke samansa, kuma kowanne sai ta sauko da manjagara ta buɗe bakinsa da hannunta. Masu yawon shaƙatawar kan taru a bayanta da motocinsu suna danna oda, wasu na toshe hanci saboda ƙura. Takan raɓe ta ba su hanya, ta ɗaga musu hannu. Ba ta jin haushinsu. Ta ce mutumin da ya yi tuƙin awa biyar don ya kalli itace, ai abin a tausaya masa ne.

A shekararta ta goma sha biyar a kan gireda aka yi ruwan da har yau ake zancensa a Tingler. Kwana biyu ana yi ba tsagaitawa, a tsakiyar Oktoba, sansani cike da mutane. Da safiyar Lahadi gefen dutse ya zame a wata kwana, ya tafi da hanyar ɗungurungum, ya bar rami mai zurfin gida. Mutum talatin da bakwai suka maƙale a sama da motocinsu.

Verna tana shirin tafiya coci jami'in gandun, Glenn Raines, ya kira ta ta oba-oba. Ta same shi a bakin ramin da rigar ruwa, fuskarsa ba daɗi. Ya ce katafila ba za ta iso ba sai bayan kwana uku, saboda an yi ɓarna ko'ina. Yawancin mutanen za su iya jira, ko su sauko da ƙafa ta hanyar masu yawo. Matsalar wani tsoho ce, Mista Novak, da 'yarsa ta kawo daga Pittsburgh. Huhunsa ya lalace tun yana aiki a masana'antar ƙarfe, da tukunyar iska yake numfashi, kuma wadda ta rage ba za ta wuce faɗuwar rana ba. Ba zai iya tafiya ba, ba zai jure a ɗauko shi mil bakwai cikin ruwa ba, jirgi mai saukar ungulu kuma ba zai tashi cikin wannan hazo ba.

Verna ta tsaya tana kallon ramin. Can ta ce akwai wata hanya ta bayan tsaunin. Glenn ya buɗe taswira a kan motarsa, ya ce babu.

"A takardarka ce babu," in ji ta. "Babana ya sauko da gungume ta nan shekara tara. Dutse ne a ƙarƙashi, ba ta zamewa. Mil biyu ce zuwa bayan sansani. Ka ba ni izinin yankan itace, ka ba ni mutum huɗu da zarton inji."

Glenn ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata hanyar tana nan, abin da ba ta tabbata ba shi ne ko za su gama da rana. Ya ce ta je, shi zai amsa tambayar na sama da shi.

Dorsey ne ya fara zuwa, da kayan cocinsa, ya ɗora rigar ruwa a kai. Wasu uku suka biyo shi. Ƙarfe tara suka shiga. Itatuwa masu kaurin cinya sun tsiro a tsakiyar hanyar, ganye ya rufe komai, wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa bi ta nan ba. Verna kan sauko ta yi gaba da ƙafa tana dungurin ƙasa da manjagara, ta nuna musu waɗanda za su yanke, ta koma ta ture kututturan da wuƙar gireda. Sau ɗaya ƙafar bayan giredar ta leƙa gefen kwazazzabo, injin ya karkata. Dorsey ya daina yanka ya tsaya riƙe da baki. Ita kuwa ta kafa wuƙar a ƙasa, ta ɗaga gindin injin da ita, ta dawo da shi kan hanya a hankali, sannan ta leƙo ta tambaye shi ko zarton ne ya gaji ko shi.

Wajen ƙarfe ɗaya suka fara jin sara daga sama. Masu yawon ne. Glenn ya faɗa musu ta oba-oba, su kuma suka fito da 'yan gaturansu na faskaren itacen wuta, maza da mata, suna buɗowa daga nasu ɓangaren. Da suka haɗu ƙarfe uku da rabi, wani mai gemu ya gane ta, ya ce jiya-jiyan nan ya danna mata oda. Ta ce ta sani, motarsa shuɗiya ce, ya kama wancan reshen ya ja.

Motar Novak aka sa gaba, a bayan gireda. Verna tana tafiya kamar mai rakiyar gawa, tana daddale ƙasa, motoci goma sha huɗu na bin sawunta. Ƙarfe biyar saura suka fito kan kwalta, inda motar asibiti ke jira. Kafin a rufe ƙofa tsohon ya sa aka kira ta. Ya janye abin hancinsa ya ce shekara arba'in ya yi cikin masu aikin ƙarfe, ya san gwani in ya gan shi. Ya miƙa mata hannu, suka gaisa irin ta maza.

Harlan yana gida a kujerarsa, ya ji komai ta oba-oba. A lokacin magana ta fara yi masa wuya, amma duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya ba shi labarin tun daga farko, kuma kullum a wurin da injin ya karkata yakan tsaya ya ce shi bai koya mata wannan ba. Ya rasu bayan shekara biyu.

Verna ta ci gaba har ta kai sittin da huɗu, gwiwoyinta suka ƙi hawan matakalar inji. A kakar farko bayan ta ajiye aiki, 'yarta Twila ta zo da tanti sabo fil ta ce su tafi sansani. Sai a lokacin aka gane Verna ba ta taɓa kwana a tanti ba. Ta ce tana da gado mai kyau mil tara daga wurin, me zai kai ta kwanciya a ƙasa. Twila ta nace, suka tafi.

Da safe Twila ta fito ta tarar da ita zaune a kan gungume, lulluɓe da bargo, da kofi a hannu. Hazo ya kwanta a kwari, tsaunuka sun fito ja wur har iya ganin ido. Twila ta tambaye ta yaya ta kwana.

"Bayana ya mutu," in ji Verna. Ta kurɓi kofin, ba ta ɗauke ido daga tsaunukan ba. "Amma dai mutanen birnin nan ba wawaye ba ne. Kira mai kula da sansanin ki ce za mu ƙara kwana ɗaya."