Ƙotar Galmar da Na Canza

Shekarun baya, lokacin da na gama makaranta na dawo gida zaman jiran aiki, kai na hayaƙi, biro biyu a aljihun gaba, na shiga cikin masu kula da ɗakin tarihin ƙauyenmu da ke kan hanyar Pauwa. Kada ku ji ɗakin tarihi ku zaci wani katafaren gini. Tsohon aji ne guda a firamare, wanda tsohon hedimastanmu ya roƙa aka bar masa bayan ya yi ritaya. Ba mai biyan kowa. Mu share, mu kakkaɓe gara, mu rubuta bayanin kaya a jikin kwali.

Cikin kayan akwai wata galma da wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo. Ta marigayi mijinta ce, shi ma gadonta ya yi wurin mahaifinsa, wanda aka ce da ita ya yi huɗar farko a gonakin gabas da gari. Ta kawo ta ne don jikokinta sun fara zancen sayar wa 'yan gwangwan. Sharaɗinta ɗaya, a bar ta ta riƙa zuwa. Kowace Juma'a da hantsi sai ta dogaro sanda, ta zauna a benci, ta ɗora galmar a cinya ta ɗan jima, sannan ta tafi. Ni a lokacin rigimar tsufa na ɗauki abin.

Sai aka ce wasu ɗalibai za su zo daga Katsina ganin ɗakin. Tau, nan fa rawar kaina ta tashi. Na dubi ƙotar galmar nan, baƙa ƙirin, ta tsage an naɗe ta da fata, ga wasu wurare duk sun lotsa. Na ce wannan ai abin kunya ne a gaban baƙi. Ranar kasuwar Kankara na hau mashin na sayo sabuwar ƙota fara sol, na kai wa maƙeri ya sa.

Maƙerin ya jujjuya tsohuwar ƙotar ya ce, "Malam hedimasta ya san da wannan aikin?"

Na ce, "Kai dai yi abin da aka sa ka."

Da na dawo, sai na wurga tsohuwar ƙotar cikin itacen mai ƙosan bakin makaranta. Har godiya ta yi mini, wai ƙirya ce, za ta ci wuta da kyau.

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa, na tsaya ina jiran yabo. Tsohuwar ta shigo, Malam hedimasta na biye da ita suna gaisawa. Na miƙa mata galmar da hannu biyu. Idonta ya yi rauni, don haka da hannu ta bi ƙotar, daga sama har ƙasa, ta sake dawowa.

"Ɗan nan, ba ita ba ce."

"Ita ce, Iya. Gyara na yi mata."

Yatsunta na ta laluben wuri ɗaya. Can ta ce, "Akwai gurbin yatsunsa a nan. Hannuna nake sawa a ciki."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Malam ya karɓi galmar, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai ɗan manomi ne, amma ba ka san ƙarfen galma cinyewa yake ana canzawa ba? Wannan ƙarfen a gabana aka ƙera shi. Ƙotar ce ta ga uba ta ga ɗa. Ina ka kai ta?"

Da gudu na isa wurin mai ƙosai, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta nuna mini murhu. Tun jiya da safe ta ƙone, kuma ta tuna mini cewa ni ma na sayi ƙosan na ci har da ƙari.

Da na koma, tsohuwar ta miƙe. Ta jingine galmar da kanta ta ce, "Ba komai. Ƙotar ta yi kyau, Allah ya yi albarka." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Juma'a ta zagayo, benci ba kowa. Wata ma haka. Mahaifiyata ta raka ni gidanta na durƙusa na ba da haƙuri, na roƙe ta ta ci gaba da zuwa. Ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Amma in zo in taɓa mi?" Damina biyu bayan nan Allah ya yi mata rasuwa, ba ta ƙara taka ɗakin ba.

Malam bai kore ni ba. Sabon kwali ya ba ni, ya ce in rubuta gaskiya. Na rubuta cewa ƙotar asali ta ƙone ta hannun ɗaya daga cikin masu kula da ɗakin. Ya ce ba sai na sa suna ba, amma duk ƙauyen an san rubutuna.

Tun daga ranar ba na gyara abin da ban tambayi mai shi ba, ko da tsumma ne. Kunyar kuwa ba ta sake ni ba. Duk sallar da na je gida nakan leƙa ɗakin. Kwalin ya yi ja, tawadar ta koɗe, Malam ma ya tsufa sosai. Ƙotar da na sayo kuwa har yau fara ce sol.