Gurbi na Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da takwas Don Eulalio Sactic, telan bakin kasuwa, ya yi yana ɗaukar anda ranar Juma'ar Ista. Anda dai ƙaton dandamalin katakon nan ne da ake ɗora siffar Almasihu a kai, maza tamanin su saɓa a kafaɗa su zaga gari. Gurbinsa na goma sha bakwai ne, inda mahaifinsa ya tsaya kafin shi. Kafaɗarsa ta dama har ta yi kanta, kuma ba ya jin kunyar buɗe riga ya nuna wa wanda ma bai tambaya ba.

Rabin rigunan shunayya da masu ɗauka ke sawa daga kekensa suka fito. A da, in an sauke anda, gidansa ake tarewa. Matarsa Doña Remigia ta zubo baƙin wake da wainar masara, a yi ta gardamar wanda ya fara lanƙwashewa a hawan gada. Eulalio bai taɓa yarda shi ne ba.

Sai ciwon daji ya kama masa ƙoda. Aka cire ta, amma cutar ta riga ta haura huhu. Aka ɗora shi a kan wata ƙwaya mai datse wa ciwon hanyar jini, ta kuwa yi aiki. Sai dai ta tayar masa da hawan jini, ƙafafu suka kumbura, zuciya ta rage ƙarfi. Likita Orozco ta rage masa maganin, ta ƙara na zuciya, ta ce, "Don Eulalio, ko buhun masara ban yarda ba, balle anda."

Ya ce to. Remigia ta san wannan to ɗin tun suna saurayi da budurwa.

Tsohon nan, da taurin kansa, sai ya daina shan ƙwayar a ɓoye, wai zuciya ta huta kafin Ista. Kwana biyar yana tura ta cikin akwatin maɓallai. Ranar awo ya sulale zuwa coci, inda ake gwada kowa daga ƙasa zuwa kafaɗa don a jera masu tsayi ɗaya. Matakalar cocin hawa goma sha biyu ce, sau uku ya zauna.

Amininsa Cástulo ne ke riƙe da sandar awo. Ya dube shi, ya dubi ƙafafun da suka ƙi shiga takalmi.

"Kai, mutumina, yau da silifas? Kifi za ka saya?"

"Auna ni, sarkin surutu."

"Ba zan auna ba. In ka faɗi, mutum tamanin ne za su bi ka ƙasa."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Ya koma gida ya tarar Remigia ta zazzage akwatin maɓallai a kan tebur, ƙwayoyi biyar a jere.

Ta ce, "Tsoho, katakon zai fito baɗi ko da kai ko babu kai. Ni fa?"

Ya bar ta ta kira likita, ya sha faɗa, ya koma kan maganinsa.

Ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar shagonsa cikin rigar shunayya. Hayaƙin turare ya riga anda isowa, sannan ganguna, sannan ƙarar katakon da ya sani tun yana goye. Daidai ƙofarsa Cástulo, da ke jagorantar masu ɗauka, ya ɗaga hannu. Aka tsaya, aka tokare anda da sandunan hutawa, mai gurbi na goma sha bakwai ya ja gefe.

"Shigo, tela. Minti ɗaya, kada ka saba."

Eulalio ya shiga, ya kai kafaɗa ga katakon. Kantar ta zauna daidai inda ta saba zama, amma sanduna ne ke ɗauke da komai. Ya runtse ido, hawaye na zuba, har aka buga ƙararrawar tashi.

Da ya fito Remigia ta kama masa hannu. "Yaya?"

Ya ce, "Babu nauyi, tsohuwa. Ko kaɗan babu nauyi."